Bangon Gabas na Gidan Fasto

Kun ce aikin fasto kwana ɗaya ne a mako. Da kunnena na ji ku ran nan a bakin ɗakin karatun fastoci, har ɗayanku, wancan mai gyaran wuyan riga, yana cewa sauran kwana shidan na shan inuwa ne. Ban tanka muku ba don goro na bakina a lokacin. To yau na tofar. Kuma ba wa'azi zan yi muku ba, wa'azi kun fi ni iya shi, tunda har yanzu ba ku binne kowa ba. Labarin bango zan ba ku, bangon gabas na ɗakin 'ya'yana a Filinge, wanda na yi ta cewa gobe zan gyara.

Aikin farko da aka ba ni a wannan sana'a haƙa kabari ne. Bayan na gama karatu an tura ni koyon aiki ƙarƙashin wani tsoho, Fasto Bawa, a wani ƙauye kusa da Dogonduci. Na isa da akwatin littattafai ina jin kaina, ya dubi akwatin, ya dubi tafin hannuna, ya miƙo mini diga. Wata tsohuwa ce ta rasu, mazan ikilisiya duk sun tafi cin rani. Na haƙa har hannuna ya yi bororo, na fito ina tangaɗi, ya ce in wanke fuska in sa farar riga, ni zan yi karatun. A wurinsa na san kayan aikin fasto na gaskiya. Littafi Mai Tsarki da ƙaramin kofin Jibin Ubangiji suna cikin jaka ɗaya da faci da famfon taya, diga da shebur kuma suna bayan ƙofa inda hannu zai kai gare su ba sai an nema ba. Abu ɗaya yake maimaita mini har na gaji da ji: "In anka kira ka, ka tashi, ko da loma na hannunka." Na riƙe wannan magana hannu biyu. Abin da bai taɓa gaya mini ba shi ne yadda ake yi in kira biyu suka zo tare, ɗaya daga waje, ɗaya daga tsakar gida.

Zamanin soja ne ikilisiyarmu ta Lutheran ta turo ni Filinge. Kada ku zaci taro na tarar. Ba mu cika ashirin ba, kuma kusan duka baƙi ne da aiki ya kawo, ma'aikatan gwamnati daga kudu, da sojoji biyu, da wani tela ɗan Togo, sauran kuma suna warwatse har Abala da Sanam. Garin na Musulmi ne, manoman gero da 'yan kasuwa, ba su tsane mu ba, ba su kuma san me za su yi da mu ba. Lahadi ranar kasuwa ce, muna waƙa jakuna na kuka a bayan taga. Kowane taro da ya wuce sujadar Lahadi sai na je ofishin suparefe, wakilin gwamnati a garin, neman takardar izini, in yini a kan benci. Wani lokaci jandarma, ɗan sandan soja, yakan shigo ya zauna a baya da hularsa a gwiwa, yana sauraron ko zan ambaci gwamnati. Har na saba da shi, na fara zaɓa masa waƙar da na ga yana kaɗa ƙafa a kanta.

Gidan da aka ba mu yana ƙarshen gari, ɗaki biyu na ƙasa masu rufin soro, da ɗan madafi na zana. Ni da matata Hannatu muna ɗaya, ɗayan na Iliya da ƙanwarsa Rahila. Ku da kuka tashi cikin ginin bulo ba ku san ginin ƙasa bawa yake so ba. Kowace shekara kafin ruwa sai an yi masa yaɓe. Ka haƙo ƙasa, ka zuba mata ramno, wato dakakkiyar ciyawa, da kashin jaki, ka jiƙa, ka tattake da ƙafa, ka bar ta kwanaki tana ruɓa har ta yi wari, kana juya ta kullum. Sannan ka hau ka bi bango da tafin hannu, ka toshe tsaga, ka gyara bakin indararo. Bangon gabas ya fi kowanne shan wuya, don daga can hadari yake zuwa da iska. Lokacin wannan aiki kuwa bazara ne, kuma bazara ita ce lokacin da fasto ba ya zama. Ga shirin bikin Tashin Almasihu, ga masu koyon baftisma, ga sanƙarau da ƙyanda suna ɗibar mutane. Shekara biyu ina kwaɓa ƙasa ana kirana, in dawo in tarar ta bushe ta zama dutse.

Shekara ta uku muka yi wa majami'a daɓen siminti, buhu uku suka rage, dattawa suka ce in ɗauka. Nan dabara ta zo mini. Na ce in na shafe bangon gabas da siminti na huta da yaɓe har abada, kwanakin da nake ɓatawa cikin laka sai in ba aikin Allah. Na ga gidajen Turawan mishan, na ga ofishin suparefe, ban taɓa ganin wani yana bin su da kashin jaki ba. Ban tsaya na tambayi abin da ke ƙarƙashin nasu simintin ba.

Maƙwabcinmu Malam Idi magini ne, Bakurfaye ɗan asalin wannan ƙasa ta Kurfai, ubansa magini, kakansa magini. Ya tarar da ni ina kwaɓa siminti da rairayi, ya tsaya ya ɗora hannu a kan katanga.

"Hwasto, mi za ka yi da wanga?"

Na gaya masa.

Ya ce, "Kak ka yi. Ƙasa numhwashi taka yi. Ta sha ruwa, rana ta hito ta tohe shi. In ka toshe mata hanci, ruwa shina shiga ta bisa, ba shi da wurin hita. Sai ta ruɓe ciki kai kana kallon huska mai kyau. Gara kuma ta samu gida inda ido ba shi kai."

Na yi dariya na ce masa zamani ya canja. Gaskiyar magana na ɗauka kishin sana'a ne, mai yaɓe ba zai so a daina yaɓe ba. Bai yi gardama ba. Ya ce, "To, Allah shi sa in zan maƙaryaci," ya wuce masallaci. Kwana biyu na gama. Bango ya fito sumul, har na shafa masa farar ƙasa, mutanen ikilisiya suna cewa gidan fasto ya zama na gwamna.

Abin da ya rufa mini asiri shi ne fari. Shekarun da suka biyo ruwa ya yi ta ja da baya, har muka kai shekarar da gero bai kai gwiwa ba. Ba zan ba ku labarin shekarar nan duka ba, iyayenku sun san ta. Mutanen arewa suka gangaro ba dabba ko ɗaya, suka kafa tsummoki a bayan gari. Hatsin taimako yana hannun soja, a yi layi tun safe, wani ya samu, wani ya faɗi a layin. A ɗan filin duwatsu da aka ba mu bayan maƙabartar gari na binne yaran telan nan biyu cikin mako ɗaya, na biyun ni kaɗai na haƙa don uban ba ya iya ɗaga diga. Hannatu tana dafa ganye da ɗan tsaki, ta ce ta ci a madafi, ni kuwa in yi kamar na yarda. Duk tsawon wannan lokaci bangon na tsaye ƙyam. Wata rana, don rashin ta ido, na tsokani Malam Idi na ce ga shi shekara nawa ban yi yaɓe ba.

Ya ce, "Ba bangonka ad da ƙarhi ba, Hwasto. Sama ta ta ƙi gwada shi."

Da bazarar da ta biyo yunwar Rahila ce ta fara ganin alama. Shekararta tara, yarinya mai bin ƙwaƙƙwafi, komai sai ta sa yatsa. Ta kira uwarta ta nuna mata wata siririyar tsaga a can sama kusa da indararo, da wata a ƙasa inda simintin ya ɗan ɗago. Ta zura tsinke, sai gari ya zubo, laushi kamar na tuwo, da fukafukan gara a ciki. Da na dawo Hannatu ta kama hannuna ta kai ni, ta ƙwanƙwasa bangon da bayan yatsa. Ya amsa kamar ƙwarya.

Ta ce, "Baban Iliya, ka jiya? Babu komi ciki."

Na kira Malam Idi. Ya bi bangon taki taki yana ƙwanƙwasawa, kunnensa a jiki, bai ce mini ai na gaya maka ba. Ya ce a ɓamɓare simintin duka, a sauke rabin bangon na sama, a tokare itacen rufi, a sake ɗorawa da sabon tubali. Aikin kwana goma ne in mutum biyu suka tsaya a kansa, kuma dole a gama kafin ruwan shuka. Ya ce zai kama mini, amma shi ma yana da gidaje na jiransa, in sa rana in tsaya a kanta.

Na jiƙa ƙasa. Ƙyanda ta shiga gidan ɗaya daga sojojin nan, ga Makon Shan Wuya ya zo, ga suparefe ya tara shugabannin addini ya ce kowa ya roƙi ruwa a wurin ibadarsa. Ƙasar ta bushe. Abin da na yi kawai shi ne na ce yara su dawo ɗakinmu da kwana, na bar wancan ɗaki ga kaya, tabarmi da tufafi da rabin buhun irin gero da muka ƙi ci duk tsananin yunwa. Na gaya wa kaina na yi maganin abin. Aka yi yayyafi sau biyu, bai isa shuka ba, amma na ga inda ruwan ya bi tsagar nan ya shige bai fito ba.

Karo na biyu na yi da gaske. Ni da Hannatu muka buga tubali, suka bushe, muka jera su. Malam Idi ya ce jibi da hantsi zai zo da tsaninsa. Washegari direban motar kasuwa ya tsaya a ƙofar gida ya miƙo mini takarda. Daga Sanam take. Muna da mutum ɗaya a can, Kosi, malamin lakwal, wato makarantar boko, ɗan ƙasar Benin, ba mata, ba dangi. Wani abokin aikinsa ne ya rubuta, ya ce ciwon ciki ya kwantar da shi, ba ya tashi, yana ta kiran fasto ya zo ya ba shi Jibi. Motar za ta juya bayan azahar, in ta tafi sai wani mako.

Hannatu tana tsaye da sabuwar jaririyarmu a baya, ta karanta fuskata kafin in buɗe baki.

"Gobe Malam Idi ka zuwa," ta ce.

Na ce mutum ne yake mutuwa.

"Na sani. Kullum wani na mutuwa. Dubi gabas."

Na duba. Akwai ɗan baƙi a can ƙasa ƙasa, irin wanda ya yi ta yaudararmu shekara da shekaru. Na ce kwana biyu ne, bangon da ya yi shekaru tsaye ba zai kasa kwana biyu ba, kuma ai ba mai kwana a ɗakin. Ta shiga ta ɗauko mini jakar, ta sa farar rigar a ciki a ninke. Rahila ce ta riƙe mini jakar har bakin mota, tana roƙona in na ga cukun madara a Sanam in sayo mata.

Ku saurara da kyau a nan, don na san abin da wasunku za su ɗauka. Tafiya Sanam ba ita ce kuskuren ba. In yau aka sake miƙo mini takardar nan zan hau motar. Na tarar da Kosi a kan gadon ƙarfe a ɗaki ɗaya bayan lakwal, ya rame har ban gane shi ba. Na jiƙa masa gurasar don ba ya iya haɗiya, na ɗaga kansa ya kurɓa daga kofin, ya ce amin da bakinsa. Da safe ya cika. Malaman lakwal Musulmi suka taya ni haƙa a bayan gari, suka ja gefe suka tsaya da ladabi har na gama karatu. Wanda bai taɓa zama shi kaɗai ne mai addu'a a bakin ramin baƙo ba bai san dalilin da ya sa ake ajiye fasto ba. Kuskuren na yi shi tun ranar da na nemi hanyar da gidana zai daina cin lokacina, na shafe shi da abin da zai sa ya yi shiru.

Muna mayar da ƙasa iska ta taso. Kafin mu kai lakwal sama ta buɗe, ruwa irin wanda yaran garin ƙanana ba su taɓa gani ba, da iska mai kwantar da itace. Mutane suka fito cikinsa suna ɗaga hannu, tsofaffi suna kuka. Ni ma na tsaya a tsakiyar fili da farar rigata, na yi godiya da babbar murya. Bangon ya faɗo mini a rai sau ɗaya, na ce ai babu kowa a ciki, in ya faɗi ma ya rage mana aikin saukewa.

Washegari na samu wata mota mai gangarawa. Mun kafe a laka ya fi a ƙirga, muna sauka muna turawa, ba mai fushi. Hagu da dama, tun daga Sanam har muka hango dutsen Filinge, gonaki cike suke da mutane. Maza a gaba suna sara da sungumi, mata da yara a baya suna jefa iri suna rufewa da diddige. Kun san ƙasar Kurfai. Ranar da ta biyo ruwan shuka ba a zama a gida, ko mai zazzaɓi sai ya ja jiki, balle bayan shekarar yunwa. Wanda ya rasa wannan danshi ya rasa damina. Mun shiga gari wajen azahar, ba kowa, rumfunan kasuwa wayam, sai awaki.

Da na karyo kwanar gidanmu na ga tabarmi a ƙofa. Mazan unguwa ne zaune, su goma sha wani abu, manoma duka, sungumansu jingine da katanga ba laka a bakinsu. Ba wanda ya gaya mini komai tukuna, amma na san abin da zai zaunar da Bakurfaye a ƙofar wani a irin wannan rana.

Malam Idi ya taso ya tare ni, ya karɓi jakar daga hannuna.

"Hwasto, sai haƙuri. Bangon ya hwaɗi jiya, da rabin ruhin. Ɗiyarka Rahila na ciki."

Ya gaya mini yadda aka yi, a hankali, bai rage ba bai ƙara ba. Da ruwan ya yi ƙarfi rufi ya fara zuba ta gefen gabas, daidai inda buhun iri yake. Hannatu tana madafi tana kwashe wuta, Iliya yana riƙe da jaririya a ɗakinmu. Ba wanda ya aiki Rahila. Ta san abin da buhun nan yake nufi, ta ga uwarta ta kwana da yunwa a kansa, sai ta ruga ta jawo shi. Simintin ya ɓalle falle guda, bangon ya biyo shi ciki kamar kunu. Da hannu suka tone ta, cikin ruwan, don kada shebur ya same ta.

Ya ce, "Matanmu sun yi mata wanka. Mun haƙa, can wurinku, mun kai zurhin da muka ganin kana kaiwa. Nan munka tsaya, don ba mu san abin da kuka hwaɗi ba."

Da ya zage ni da ya fi mini sauƙi. Har ya bar duniya bai taɓa ambata mini siminti ba. Na ce wa mazan su tafi gona, rana tana yi, ƙasa za ta sha iska. Ba wanda ya motsa.

Na shiga. Tubalan da muka buga suna nan a jere, ruwa ya cinye musu kusurwa. An kwantar da Rahila a kan gadonmu, an rufe ta da zanen uwarta na zuwa sujada. Matan unguwa suka tashi suka ba ni wuri. Hannatu tana zaune a ƙasa, yatsunta ɗaure da tsumma inda tonon ya yayyage su. Ba ta kuka, ta riga ta gama. Tun da muka yi aure ba ta taɓa kirana da sunan aikina a cikin gida ba sai ranar.

"Hwasto, ka dawo? An binne mutumen lahiya?"

Na ce an binne.

"To ga wata. Yanzu ta zan aikin ikilisiya, ka samu lokacinta."

Daga Filinge har inda ake samun wani fasto tafiyar yini ce, kuma gawa ta riga ta kwana. Farar rigar tana cikin jaka, ba ta bushe ba, da jar ƙasar Sanam a gindinta. Na sa ta haka. Muka ɗauki Rahila zuwa filin duwatsu, mutanen ikilisiya biyar da suka samu labari, da maƙwabta suna biye daga nesa. Na buɗe littafi na yi mata komai bi da bi, karatu da waƙa da addu'a, ban tsallake layi ba, muryata ba ta karye ba, don Fasto Bawa ya koya mini aikin da kyau. Gwamnatoci sun zo sun wuce tun daga ranar, na soja da na farar hula, na yi jana'izar da ban san adadinta ba, amma ban taɓa yin wadda ta kai wannan tsafta ba, kuma ina jin kunyar hakan har yau. Daga ɗaukarta zuwa mayar da ƙasa mun yi kamar awa ɗaya. Na yi ta bincike a raina shekaru da yawa, ban tuna ranar da na ba ta awa ɗaya cur ita kaɗai tana da rai ba.